Faifan Da Gingimari Ba Ta Taka Ba

Shekarata talatin da ɗaya a New York, ba wanda ya taɓa kirana Shitu Waya. A masallacinmu na Tremont, Alhaji Shitu nake. A wurin da direbobi ke jiran fasinja a filin jirgin sama na JFK kuwa, Baba Shitu. Ko matata Suweiba ba ta san sunan nan ba. Saboda haka ranar Juma'ar da na fito daga masallaci, na sunkuya ina ɗaure igiyar takalmina, na ji muryar mace ta ce, "Baba, don Allah kai ne Shitu Waya?" ban ɗago ba. Sai da na ɗaure igiyar, na sake ɗaure ta kamar yadda na saba, sannan na waiwaya. Wanda ya kira ka da sunan da ka binne, ai ya san inda kabarin yake.

Budurwa ce, ba za ta haura ashirin da bakwai ba, cikin baƙar abaya. A bayanta wani Bature ne dogo mai jan gemu, ya rungume jakar yadi kamar mai jego.

Na ce, "Wa ya aiko ki?"

Ta ce, "Ba kowa, Baba. Sunana Firdaoussi. Wannan Wesli ne, shina da kamfanin faifai a Brooklyn."

Da jin "shina da" na san bakin Maraɗi ne. Na riƙe wannan a raina.

Muka shiga gidan abincin wata 'yar Kumasi da ke kusa. Baturen ya goge teburin da hannun rigarsa, ya zaro abin da ke cikin jakar, ya ajiye a hankali. Kwalin faifai ne, ya yi ja saboda tsufa. Samari huɗu a kan gingimari, suma kamar kwando, wanduna masu buɗaɗɗen ƙafa. A sama an rubuta TSAWA HUƊU. Na biyu daga hagu, mai riƙe da jita yana harara, ni ne.

To, gara in faɗi abin da ke cikin faifan nan tun yanzu, don a san abin da ya sa ban taɓa shayin da aka kawo mana ba.

A Jos ne, shekara ta saba'in da huɗu. Ni yaron gareji ne a wurin Alhaji Abdoulaye Ɗan Maraɗi, mai manyan motocin dakon kaya. Yayana Hambali direbansa ne. Mu huɗu muke kiɗa a bayan garejin in an tashi aiki. Jitata da wayar birkin babur na ɗaura mata tsirkiya, shi ya jawo mini sunan. Lasifikarmu kuwa ta tsage, sai muka ƙarasa tsaga ta da reza, ta koma tana ƙugi kamar an taɓo gidan rina.

Wata safiya aka ba ni gyaran birkin motar Hambali. Na canza bututun man birki, na murɗa notin da yatsa da niyyar in dawo da sifana in ƙarasa ɗaurewa. Sai abokaina suka kira ni, wai mai otal ya zo zai ji kiɗanmu. Ban koma ba. Washegari motar ta ƙwace a Hawan Kibo. Hambali bai kai asibiti ba.

Ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban ce ba. Maimakon haka sai na yi wa Alhaji zambo. Waƙar minti goma sha ɗaya, ina cewa mai ƙaton rawani yana tura 'ya'yan mutane gangare ba birki. Ban kama suna ba, amma duk Jos an san wa ake nufi. Muka je Ikko aka buga mana faifai ɗari uku.

Alhaji bai kira ɗan sanda ba. Goro ya saya ya tafi wurin mahaifiyata. Ya kwance wani ƙyalle ya nuna mata notin da ya tsinto a wurin haɗarin, haƙoransa lafiya lau, ko ɗaya bai cinye ba. Duk bakanike ya san ma'anar wannan: ba tsinkewa ya yi ba, warwarewa ya yi. Ya ce mata, "Ɗaya ya tafi, ba zan ƙara miki da na biyu ba. Amma a kashe waƙar." Ya aika aka tattaro faifan duka, aka jera su a ƙasa a tsakar gareji, ni da kaina aka sa na hau gingimari na bi ta kansu, gaba da baya. Da na sauko, Inna ta kama kunnena a gaban mutane ta ce, "In aka sake zagin bawan Allahn nan da muryarka, ban yafe maka nonona ba."

Inna ta rasu shekara ashirin da shida ke nan. Ga shi yau faifan yana kwance gabana kusa da robar yaji.

Baturen nan sai zuba yake. Wai a duniya wannan kaɗai aka sani ya rage. Wai masana sun ce ba a taɓa jin irin sautin jitar nan ba, kiɗan gareji ne na ainihi, mai juyar da hankali, saikadelik. Ya tambaye ni wace na'ura muka yi amfani da ita.

Na ce, "Reza."

Ya rubuta a littafinsa.

Abin da suke so biyu ne. Sauran ukun duk sun riga mu gidan gaskiya, don haka sa hannuna ake bukata kafin a sake buga faifan. Sannan suna so in ba da labarin doguwar waƙar da bakina, a buga a bayan kwali.

Na juya wurin yarinyar. "'Yar nan, ina kuka samo shi?"

"A kayan gado."

"Gadon wa?"

Ta ɗauki kofi ta kurɓa, ta ajiye, ta gyara masa zama. Na yi shekaru ina kallon fasinja ta madubi. Wanda zai gudu bai biya ba, sai ya fara gyara abin da bai karkace ba.

Ta ce, "Na kakana. Alhaji Abdoulaye."

Na ce, "Kin san abin da waƙar ke cewa?"

"Na sani."

"Kuma kike so duniya ta ji?"

"Tarihi ne, Baba."

Na ce zan yi shawara. Baturen ya miƙo mini takarda, na ce ya riƙe abinsa, ban zo da tabarau ba. Tabarau na aljihuna.

Kwana huɗu abin yana cina. Ina zaune a mota a filin JFK, jirgin Accra ya yi latti, ina ta juya maganar. A ƙasarmu jika ba ya tallar zambon kakansa. Ko kakan ɓarawon akuya ne, jika cewa zai yi kiwo yake. To me ya sa wannan ta ɗauko zagin gidansu ta kai wa Bature? Kuma da na karkata faifan a hasken taga ran nan, na lura da wani abu: sauran waƙoƙin suna sheƙi kamar sabbi, amma layin doguwar ya yi fari-fari saboda cin allura. Wani ya yi ta jin ta, ba sau goma ba, ba sau ɗari ba. Mutum ba ya maimaita zaginsa don nishaɗi. Ajiya yake yi.

Abin da ya fi tsaya mini a wuya shi ne "da bakinka". In na maimaita ƙaryar aka buga, sai su fito da gaskiya su ɗaure ni da igiyata. In na ƙi magana, su ce me yake ɓoyewa.

Na je wurin wani ɗan Damagaram mai sayar da huluna da turare a bakin titi, wanda ba ɗan Nijar ɗin da zai sauka Bronx bai san lambar ƙofarsa ba. Na sayi turaren da ba na so, sannan na jefa tambaya kamar ba da gangan ba.

Ya ce, "Firdaoussi? Ɗiyar Hajiya Safiatou ce, ta unguwar Highbridge. Mai ɗinki. Mutuniyar kirki, amma ka san irin matan nan da ba a jin tafiyarsu. Lafiya dai, Alhaji? Ko ƙari za a yi?"

Na ce, "Ƙarin hawan jini dai."

Rana ta biyar yarinyar ta kira ni. Ban ba ta lambata ba. Wannan ma na riƙe.

Na ce, "Na yi shawara. Ba zan sa hannu ba. A mayar da shi inda aka ɗauko."

Ta ce, "Baba, akwai abin da ban gaya maka ba. Wata uku da suka wuce na sa minti biyu na waƙar a intanet. Ta haka Wesli ya same ni. Mutane sun kwafa, yanzu ba ta gogewa. Har wani ya fassara ta da Turanci a ƙasa."

Na kashe rediyon motar. Wato muryata ta yi wata uku tana yawo tana zagin mutumin, ni ina nan ina jan carbi a sahun gaba. Sharaɗin Inna bai ce sai na sa hannu ba. Cewa ta yi in aka sake. Kuma wannan karon babu gingimarin da za ta iya takawa.

Na ce, "Mahaifiyarki ta san kin yi haka?"

"Ka zo ka tambaye ta. Ta ce in ka yi wannan tambayar in ba ka adireshi."

Ka ji fa. An ma san tambayar da zan yi.

Na je ranar Asabar bayan azahar. Hawa na biyar, lif ya lalace, ga tudun Highbridge ya riga ya karɓi rabonsa a gwiwata. Hajiya Safiatou ta buɗe da kanta. Farar mace siririya, tabarau a kan hanci, zare a maƙale a zaninta. Goshin Alhaji ne sak. Falon cike da yadi da keken ɗinki biyu. Firdaoussi na zaune a gefe, wayarta a kife a kan tebur, kusa da kujerar da aka nuna mini.

Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, aka sake wata. Ta kawo fura mai sanyi. Na taɓa da leɓe na ajiye.

Ta ce, "Malam Shitu, ba guba a ciki. Da ita nike so, da tuni."

Na ce, "Hajiya, sikari ne ya hana."

"To, Allah shi sawwaƙe." Ta zauna. "Ba ka gane ni ba. Ranar da ka taka fayafayen nan, ina tsaye bakin ƙofar gareji da tiren gyaɗa. Shekarata tara. Na ga kana kuka kana ba mota wuta."

"Hayaƙi ne."

"Haka ne. Motocin Baba akwai hayaƙi."

Na ce, "Ɗari uku aka buga, ɗari uku aka ce an jera. Wannan fa?"

"Baba ya cire guda. Bayan waƙarku aiki ya tsaya mishi a Jos. Direbobi sun ƙi hawa motarshi, masu kaya sun janye. Muka koma Maraɗi. Can kowace Juma'a in ya dawo masallaci sai ya rufe ɗaki ya sa ta. Har ya rasu."

"Bai taɓa cewa komai ba?"

"Game da mi?"

Na dube ta, ta dube ni ta saman tabarau. Na yi ciniki da Yahudawa masu gwal na titin Arba'in da Bakwai, na yi da 'yan Sanagal masu agogo, ban taɓa ganin fuskar da ta rufe kamar wannan ba.

Na ce, "Game da waƙar."

"Baba bai da yawan magana. In an tambaye shi sai ya ce yaron ya iya jita." Ta miƙa hannu cikin kwandon zare. "Amma akwai wani abu da muka tarar cikin kwalin. Mun rasa ko na mine ne. Kai da ka yi gareji, ƙila ka sani."

Ta ajiye ƙullin ƙyalle a gabana, ta kwance. Noti ne ɗan ƙarami, lamba goma sha ɗaya. Shekara hamsin, ko tsatsa babu. An riƙa shafa masa mai.

Na zuba wa notin ido. Na lissafa hanyoyin fita kamar yadda direba ke yi in ya shiga cunkoso. Ina iya cewa ban sani ba, noti ai noti ne. Ba su da shaida. Alhaji ya tafi, Inna ta tafi, abokaina sun tafi. Zan sauka hawa biyar ɗin nan in koma Alhaji Shitu na sahun gaba. Amma waƙar za ta ci gaba da yawo, da fassararta a ƙasa, kuma akwai ranar da zan haɗu da tsohuwar nan da ta kama kunnena.

Na nuna wayar da ke kife. Na ce, "Jikalle, kunna abin naki na ɗaukar murya. In ba ki riga kin kunna ba."

Yarinyar ta kalli uwarta. Uwar ba ta kalle ta ba. Ta juya wayar, ta danna wani abu, ko ta yi kamar ta danna.

Na faɗa duka. Sunana, sunan ubana, sunan Hambali. Bututun, notin, mai otal, sifanar da ban koma da ita ba. Na ce Alhaji Abdoulaye bai taɓa tura mota ba birki ba, mutum ne da in taya ta yi sanƙo da kansa yake cire ta. Na ce ya san gaskiya tun ranar farko, ya rufa mini asiri, ni kuwa na tona masa wanda ba shi da shi. Ban yi kuka ba. A falon babu hayaƙin da zan laƙa wa.

Da na gama, Firdaoussi ta rufe baki da hannu biyu. Ita dai na yarda ba ta sani ba, ko kuma ta fi uwarta iyawa. Hajiya kuwa ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta mayar.

Ta ce, "Allahu akbar. Ashe haka ne."

Ba haka wanda ya ji sabon labari yake faɗin ta ba.

Na ce, "Ga sharaɗina. A buga faifan. Amma maganar nan da na yi ita za a sa a bayan kwali, da Hausa tukuna, da manyan baƙaƙe, Turanci ya biyo baya. Kuma a cikin faifan, kafin jita ta shiga, a sa muryata ina faɗa. Wanda duk zai ji zagin, sai ya fara jin wanda ya kamata a zaga. A intanet ɗin ma haka."

Firdaoussi ta ce, "Wesli zai ce zai ɓata farkon waƙar."

"To ya je ya nemi wani Shitu Wayan."

Hajiya ta ce, "Zai yarda." Ta tura mini kwanon. "Sha furarka, Malam. Babu sikari, na san ba ka sha."

Na sha. Ina sha ina tunanin ta ina ta sani.

A daren ban iya ba, sai da safe na gaya wa Suweiba, tana yanka albasa. Ta ajiye wuƙar. Sannan ta ce, "Shi ya sa kake tashi ka duba gas sau biyu." Ta ci gaba da yanka. Kwana uku ba ta zauna kusa da ni ba, ran na huɗu ta zauna.

Faifan ya fito bayan wata bakwai. A masallaci wasu sun ƙara matse hannuna in mun gaisa, wasu sun koma gaishe ni daga nesa. Ɗan Damagaram mai turare yanzu Waya yake kirana, da ƙarfi, daga tsallaken titi. Ko Inna ta yafe, wannan ba a nan za a ji ba. Abin da ke hannuna na yi.

Ranar da Firdaoussi ta kawo mini nawa kwafin, ta haɗo da ambulan daga uwarta. Notin ne a ciki, ba wasiƙa. Na raka ta bakin titi, na yi mata tambayar da ta daɗe tana cina.

Na ce, "Tsakaninki da Allah, yaya aka yi kika gane ni ran nan? Hoton da ke kwalin ɗan shekara goma sha takwas ne."

Ta yi dariya. "Mama ce. Ta ce in tahi masallacin Tremont ran Juma'a in tsaya wurin takalma. Tsohon da na ga ya ɗaure igiya, ya koma ya sake ɗaurewa, shi ne."

"Ita ina ta gan ni?"

"Ai ka sha ɗauko ta daga JFK. Tun ina firamare take kiran kamfaninku ta ce a turo mata kai. Ta ce duk New York ba direban da ke duba mota kamarka."

Bas ɗinta ta zo, ta hau. Na tsaya da ambulan a hannu ina ƙoƙarin tuno wata fasinja mai tabarau a kujerar baya, wadda ta yi kusan shekara ashirin tana kallon ƙeyata ba ta ce uffan ba. Ni da nake taƙamar ba abin da ke wuce madubina.

Notin yana cikin motata, a ramin da ake zuba canji. Kowace safiya kafin in tayar, sai na taka birki, in saki, in sake takawa.